Ɗan'uwa Daniyel da Itacen Zaitun

Karatu: Romawa 9:1-5, 11:1-24

Idan Littafi Mai Tsarki yana kusa da kai, buɗe wasiƙar Manzo Bulus zuwa ga Romawa, ka sa yatsa a sura 11, gama can za mu sauka. Amma kafin mu kai can, za mu bi ta wani ɗakin shari'a a Urushalima.

A shekara ta 1962, alƙalai 5 na Kotun Ƙolin ƙasar Isra'ila suka zauna domin su amsa tambaya guda: wane ne Bayahude? Mai ƙara ya zo da doguwar riga ruwan ƙasa, irin ta masu zaman ibada a ɗarikar Katolika. Sunan da iyayensa suka raɗa masa shi ne Oswald Rufeisen, amma a ikkilisiya ana kiransa Ɗan'uwa Daniyel. Uwarsa Bayahudiya ce, ubansa Bayahude. Abin da ya roƙa ba mai yawa ba ne. Ya ce a karɓe shi a ƙasar kakanninsa kamar yadda ake karɓar kowane Bayahude, ko da yake shi mai bin Yesu ne.

Domin mu gane nauyin wannan roƙo, sai mu san ko wane ne mutumin. An haife shi a ƙasar Polan a 1922. Tun yana saurayi ya shiga ƙungiyar matasan Yahudawa masu marmarin komawa ƙasar alkawari. Da sojojin Jamus suka auka wa Polan a 1939, shi da ƙanensa suka gudu gabas. Ƙanen ya sami hanya ya kai ƙasar da suke marmari, shi kuwa yaƙi ya rutsa da shi. Iyayensu ba su tsira ba. Da yake ya iya Jamusanci sarai, sai ya ɓoye asalinsa, ya ce shi ɗan Polan ne mai jinin Jamusawa. Ta haka ya sami aikin tafinta a ofishin 'yan sanda a wani ƙaramin gari mai suna Mir, wanda yake cikin ƙasar Belarus a yau. Ku dubi wannan al'amari: yaro ɗan shekara 20, Bayahude, yana zaune kowace rana tsakanin masu farautar Yahudawa, yana cin abinci tare da su, yana fassara musu magana. Kuskuren kalma ɗaya ya isa a harbe shi.

Yahudawan Mir da suka rage da rai an tattara su an kulle a cikin wata tsohuwar fada mai ganuwa. Tafintan nan ya ji ranar da aka sa za a karkashe su, watau 13 ga watan Agusta 1942. Sai ya sanar da su a ɓoye. Ya riƙa kai musu bindigogi kaɗan kaɗan. Sa'an nan ya ruɗi 'yan sandan, ya fitar da su daga gari neman 'yan tawayen da babu su a wurin, domin hanya ta buɗe. Mutane 200 ko fiye suka tsere zuwa kurmi. Waɗanda suka tsaya, an kashe su a ranar da aka sa.

Asirinsa ya tonu, aka kama shi, ya amsa da bakinsa cewa shi Bayahude ne. Ya sami hanya ya kuɓuce, ya buga ƙofar waɗansu sistoci da gidansu yake dab da ofishin 'yan sandan. Matan nan suka sa ransu cikin hatsari, suka ɓoye shi fiye da shekara guda. A wannan maɓoya ne ya karanta Sabon Alkawari. Ya tarar da Yesu Banazare, ɗan Bayahudiya, wanda aka yi wa kaciya a rana ta takwas, wanda aka kashe ba da laifi ba, ya kuma tashi. Shi da kansa ya roƙi baftisma, aka yi masa. Daga baya ya shiga kurmi ya haɗu da masu yaƙin sunƙuru da Jamusawa. Da yaƙi ya ƙare a 1945 ya shiga ƙungiyar masu zaman ibada ta Karmel, a 1952 kuma aka naɗa shi fada. Ya zaɓi wannan ƙungiya da sanin cewa tana da gida a kan Dutsen Karmel, a birnin Haifa, dutsen da annabi Iliya ya yi karo da annabawan Ba'al. Marmarin ƙuruciyarsa bai mutu cikin ruwan baftisma ba. A 1959 ya bar takardar zama ɗan Polan, ya sauka a Isra'ila.

To, ƙasar Isra'ila tana da wata doka da aka kafa a 1950, shekara 2 bayan kafa ƙasar. Ana kiranta Dokar Komowa. Bisa ga wannan doka, kowane Bayahude a ko'ina cikin duniya yana da iko ya zo ya zauna, a ba shi takardar ɗan ƙasa. Mutanen da suka ga an hallaka musu 'yan'uwa miliyan 6, suka kuma ga ƙasashe suna rufe ƙofa ga masu gudun mutuwa, su ne suka rubuta ta. Amma ba su bayyana a cikinta ko wane ne Bayahude ba. Ɗan'uwa Daniyel ya nemi shiga ta wannan ƙofa, ma'aikatar cikin gida ta hana, shi ya sa ya kai ƙara.

Hukuncin da aka yanke yana da ban mamaki. Alƙali Moshe Silberg, mutum mai riƙon addininsa, shi ya rubuta babban ra'ayi. Bai raina mai ƙara ba. Ya yarda cewa jama'ar Yahudawa suna da bashin godiya gare shi saboda abin da ya yi a Mir. Ya kuma yarda cewa bisa ga shari'ar addinin Yahudawa, wanda Bayahudiya ta haifa Bayahude ne, ko da ya kauce. Malamansu na dā sun ciro wannan daga labarin Akan cikin littafin Joshuwa sura 7, inda Allah ya ambaci jama'ar da sunan Isra'ila a daidai lokacin da yake faɗin zunubinsu. Amma alƙalin ya ce Dokar Komowa ba shari'ar malaman addini ba ce, dokar ƙasa ce, saboda haka dole a fassara kalmar yadda talaka a kan titi yake fahimtarta. Talakan Bayahude kuwa, in ji shi, ba zai kira wanda ya zama Kirista da sunan Bayahude ba. Alƙalai 4 suka tsaya a kan hana shi. Guda ɗaya, Haim Cohn, ya saɓa musu, ya ce wanda ya faɗa da zuciya ɗaya cewa shi Bayahude ne, ya kamata a karɓe shi. Watau dai shari'ar addini ta ce ɗan gida ne, shari'ar ƙasa ta ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Bayan 'yan shekaru wata ƙara ta zo gaban kotun nan. Wani hafsan sojan ruwa, Benjamin Shalit, ya auri mace wadda ba Bayahudiya ba. Shi da matar ba su bin kowane addini. Ya nemi a rubuta 'ya'yansu a matsayin Yahudawa ta wajen al'umma, a bar wurin addini babu kome. Alƙalai 5 cikin 9 suka ba shi gaskiya, a farkon 1970. Ƙura ta tashi, majalisar dokoki ta gyara dokar a wannan shekara. Aka rubuta cewa Bayahude shi ne wanda Bayahudiya ta haifa ko wanda ya shiga addinin Yahudawa, muddin ba ya cikin wani addini dabam. Ku lura da kyau, ba a ce sai ya gaskata da Allah ba. A 1989 kuma kotu ta yanke cewa Yahudawan da suka karɓi Yesu a matsayin Almasihu, ko da suna kiyaye Asabar da idodin kakanninsu, suna cikin wani addini dabam.

Nan ne maganar take da wuya a kunnen mai bi. Ga mutum ya ce babu Allah, babu ranar shari'a, Musa bai ji muryar kowa ba a Dutsen Sina'i. Ana buɗe masa ƙofa a ce maraba da ɗan gida. Ga wani kuma yana durƙusawa safe da yamma ga Allah na Ibrahim da Ishaku da Yakubu, yana rera Zabura, amma ya ce Yesu ne Almasihu. Shi ana ce masa ya bi layin baƙi. Kada ku yi tsammani alƙalai ne kaɗai suke tunani haka. A 2013 cibiyar bincike ta Pew ta tambayi Yahudawan Amurka. Kashi 68 cikin 100 suka ce mutum zai iya zama Bayahude ko da bai gaskata da Allah ba. Kashi 34 kaɗai suka ce zai iya zama Bayahude yana gaskata cewa Yesu ne Almasihu. A cikin Isra'ila kanta, binciken da cibiyar ta fitar a 2016 ya nuna kusan rabin Yahudawan ƙasar suna kiran kansu marasa riƙon addini. Theodor Herzl, wanda ya tayar da maganar kafa ƙasar, da David Ben-Gurion, firayim ministanta na fari, dukansu ba masu kiyaye dokokin addini ba ne. Muna faɗin wannan domin akwai 'yan'uwa a cikinmu da suke zato Isra'ila ƙasar Kirista ce, ko kuwa kowa a can kamar annabi Ishaya yake. Kiristocin ƙasar wajen kashi 2 ne cikin 100, yawancinsu kuma Larabawa.

Rabin amsar ba ta da wuyar ganewa. A wurinmu kabila dabam, bangaskiya dabam. Mutumin Tangale ko Bura ko Ngas yana nan mutumin kabilarsa, ko yana zuwa sujada ko ba ya zuwa. A wurin Yahudawa kuwa al'umma da addini igiya biyu ce da aka tufka wuri ɗaya tun zamanin Musa. Wanda ya daina addu'a ya saki igiya ɗaya, amma ɗayar tana riƙe da shi. Danginsa suna ganinsa kamar ɗan da ya yi nisa amma bai sake gida ba, hannunka kuma ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ga shi kuma da yawa cikinsu ba taurin kai ne ya raba su da bangaskiya ba. Akwai waɗanda suka fito daga sansanonin mutuwa suna tambaya ina Allah yake sa'ad da ake ƙone yara. Ba mu yarda da amsar da suka kai gare ta ba, amma wanda bai taɓa tsayawa a bakin irin wannan rami ba, ya yi musu magana a hankali.

Sauran rabin amsar ita ce mai ɗaci. Don me baftisma ta fi kafirci zafi a zuciyar Bayahude? Sai mu waiwaya mu ga abin da aka yi musu da sunan gicciye a ƙasashen Turai. A 1096 mayaƙan da suka ɗinka gicciye a rigunansu, suna kan hanyar zuwa Urushalima, suka tsaya a biranen Worms da Mainz a ƙasar Jamus. Suka ce wa Yahudawa ko baftisma ko takobi, suka kashe dubbai. A 1215 babban taron ikkilisiya a Roma ya umarta Yahudawa su sa tufafin da za a gane su, kada kuma a gan su a waje a kwanakin tunawa da mutuwar Ubangiji. Makon da mu muke kuka a gindin gicciye, shi ne makon da uwa Bayahudiya take kulle ƙofa ta rungume 'ya'yanta. A 1290 aka kore su daga Ingila. A 1492 sarakunan Sifen suka ce duk wanda bai karɓi baftisma ba ya bar ƙasar, a 1497 kuma aka yi musu baftismar dole a Fotugal. Waɗanda suka karɓa ma ba su huta ba. Kotun binciken bangaskiya ta sa musu ido: wa ya sa wankakkiyar riga ranar Asabar, wa ya ƙi cin naman alade? Wanda aka kama yana iya ƙarewa cikin wuta.

Kada kuma wani ya ce wannan laifin Katolika ne kaɗai. Martin Luther, wanda Allah ya yi amfani da shi ya komo da ikkilisiya ga ceto ta wurin bangaskiya, ya rubuta a 1523 cewa a bi da Yahudawa da ƙauna, yana tuna wa mutane cewa Yesu Bayahude aka haife shi. Da ya ga ba su tuba yadda ya sa rai ba, sai a 1543 ya rubuta cewa a ƙone majami'unsu, a rushe gidajensu, a hana malamansu koyarwa. Bayan shekara 400 'yan Nazi suka tono wannan rubutu suka yi ta yaɗa shi. Ikkilisiyoyi sun juya wa irin wannan koyarwa baya: Katolika a babban taronsu na 1965, babbar ikkilisiyar Lutheran ta Amurka kuma a 1994. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Sa'ad da alƙalan nan suka dubi rigar Ɗan'uwa Daniyel, ba Yesu Banazare suka fara gani ba. Sun ga Worms da Sifen.

Akwai wata mace da labarinta ya haɗa abubuwan nan duka. Sunanta Edith Stein. An haife ta a 1891 a birnin Breslau, a ranar babban azumin kafara na Yahudawa, auta a gidan uwa mai tsoron Allah. Tana budurwa ta daina addu'a da gangan. Ta yi karatu mai zurfi har ta sami digirin dakta a ilimin falsafa. Duk shekarun nan na rashin bangaskiya tana nan 'yar gida. Amma da ta karɓi baftisma ranar 1 ga watan Janairu 1922, tsohuwar ta yi kuka. Edith ba ta yi fushi ta tafi ba. In ta zo gida, takan raka uwar zuwa majami'ar Yahudawa, ta zauna kusa da ita ana karanta Zabura. A 1933, shekarar da Hitler ya hau mulki, ta shiga gidan sistocin Karmel a birnin Kolon, daga baya aka kai ta Holan domin ta tsira. A watan Yuli 1942 bishop-bishop na Holan suka sa aka karanta wasiƙa a majami'u suna tsawata wa 'yan Nazi kan kwashe Yahudawa. Domin ramuwa, aka bi gida gida ana kama Yahudawan da suka zama Katolika. Aka ɗauke ta tare da yayarta Rosa, aka kashe su a sansanin Auschwitz a watan Agusta 1942, watan da aka yi wa Oswald baftisma a Mir. Masu kisan ba su tambayi takardar baftisma ba. A wurinsu Bayahudiya ce, ta kuwa mutu tare da jama'arta.

Yanzu mu koma ga Maganar Allah, mu ga yadda al'amari ya juye. A cikin Ayyukan Manzanni sura 15 manzanni da dattawa suka taru a Urushalima kan wata gardama. Ba wanda ya tambaya ko Bayahude zai iya bin Yesu, gama dukan waɗanda suke zaune a ɗakin Yahudawa ne: Bitrus, Yakubu, Bulus, Barnaba. Tambayarsu ita ce, mu Al'ummai, za a karɓe mu yadda muke, ko sai an yi mana kaciya mun zama Yahudawa tukuna? Waɗannan Yahudawa masu bi suka buɗe mana ƙofa. Ba su ɗora mana kayan da ba za mu iya ɗauka ba. Su kansu kuma ba su daina zama abin da suke ba. A sura 21 dattawan Urushalima suka gaya wa Bulus cewa dubban Yahudawa sun ba da gaskiya, suna kuma da himma ga Attaura, Bulus ya shiga Haikali tare da waɗansunsu. A sura 23, a gaban majalisa, ya kira kansa Bafarisiye, bai ce a dā ba. Da muka yi yawa muka karɓi mabuɗin gidan, sai ikkilisiya ta ce wa masu gidan ba za su shiga ba sai sun tuɓe Yahudancinsu a bakin ƙofa. Alherin da aka yi mana a Urushalima, ba a rama musu shi ba.

Bulus ya hango wannan. A farkon Romawa sura 9 ya buɗe zuciyarsa, ya ce baƙin ciki ba ya rabuwa da shi saboda danginsa, har da zai yiwu, da ya yarda a raba shi da Kristi in hakan zai cece su. Mutumin da suka yi wa bulala sau 5 a majami'unsu ne yake wannan magana. A sura 11 ya yi tambaya ko Allah ya yar da jama'arsa, ya amsa da a'a mai ƙarfi, ya kafa shaida da kansa, shi ɗan kabilar Biliyaminu.

Sa'an nan ya kawo misalin itacen zaitun. Masu lambu a cikinku sun san yadda ake yi wa mangwaro aure. Kana shuka ƙwallon mangwaro na banza, in ya tasa ka yanke kansa, ka ɗauko reshe daga itace mai daɗin 'ya'ya ka ɗaura. Kullum reshe mai kyau ake ɗorawa a kan gindin banza. Amma Bulus ya ce Allah ya yi akasin haka. Gindin ne mai kyau, watau Ibrahim da alkawaran da aka yi masa. Reshen jeji, wanda ba mai lambun da zai kula da shi, shi aka ɗauko aka ɗaura. Mu ne reshen nan. Kakanninmu suna yanka kaji a gindin tsamiya da kan duwatsu sa'ad da Dawuda yake rera Zabura. Littafin da yake hannunka, Yahudawa suka rubuta kusan dukansa, suka kwafe shi da hannu tsara bayan tsara. Mai Ceton da kake kira, nonon Bayahudiya ya sha. To, reshe ba ya ciyar da saiwa, daga ƙasa abinci yake hawowa. Saboda haka manzo ya hana mu yin taƙama a kan rassan da suka karye, ya ce mu ji tsoro, gama Allah da ya iya ɗaura baƙon reshe, mayar da reshen gida a gindinsa ba zai gagare shi ba.

Ba muna cewa a rufe baki a daina shaida ba. Mun gaskata Yesu shi ne Almasihun Isra'ila da Mai Ceton duniya, Bulus kuma duk garin da ya shiga, majami'ar Yahudawa yake fara nema. Amma shaidar da aka yi da takobi ko da raini, ko da buhun hatsi a hannu, ba irin ta Bulus ba ce. Sistocin Mir sun buɗe ƙofa tukuna, suka ba da abinci da maɓoya ba da sharaɗi ba.

Wannan magana ba ta tsaya a Haifa ba. Akwai masu jinmu yanzu da aka gaya musu cewa tun ranar da suka shiga ruwan baftisma sun daina zama Hausawa, ko Fulani, ko Barebari. Akwai wanda ɗan'uwansa yake shan giya, ba ya salla, ba ya azumi, ana zuba masa tuwo a gida, shi kuwa da ya ce Yesu, aka ware masa ƙwarya. Abin da ya fi ciwo shi ne in ya zo wurinmu, mu ma mu tsaya muna dubansa. Wani ya ce ɗan leƙen asiri ne. Wani ya ce ya sake suna, ya tuɓe babbar riga da hula, ya daina gaisuwa irin ta gidansu, sa'an nan mu yarda ya tuba. In ya nemi aure a cikinmu, sai a fara jan ƙafa. Ba mu da kotu irin ta Sifen, amma muna da ido da baki, suna kuma yanka. Ubangiji ya yi alkawari a Markus sura 10 cewa wanda ya rasa gida da dangi saboda shi zai sami ninkinsu tun a wannan duniya. Ina za su fito, in ba daga gidajenmu ba? Dattawan ikkilisiya, ku tambayi kanku, a cikin membobinku wa yake cin tuwon Kirsimati shi kaɗai.

Kai kuma ɗan'uwa, ke 'yar'uwa, da aka rufe wa ƙofa, kada ka bar ɗaci ya sa ka zagi tushenka. Je ka gaida mahaifiyarka, ko da ba za ta amsa ba. In an yi rasuwa, je ka yi ta'aziyya, ko da a bakin zaure za a bar ka. Yi addu'a da harshen da aka yi maka reno da shi, gama Allah yana jinsa.

Ɗan'uwa Daniyel bai tattara kayansa ya koma Turai ba. Ya nemi takardar ɗan ƙasa ta hanyar da baƙi suke bi, aka ba shi. Ya zauna a Haifa kusan shekara 40, yana kiwon ƙaramar ikkilisiya da take sujada da harshen Ibrananci, harshen Musa da annabawa. Da yawa cikin garkensa iyalai ne da miji Bayahude, mata Kirista, waɗanda ba su da wurin zama sosai a kowane gefe. Yakan kuma zaga da masu ziyara yana nuna musu wuraren da Yesu ya taka. Waɗanda ya fitar daga fadar Mir ba su manta da shi ba, ko da yake da yawansu ba su taɓa yarda da baftismarsa ba. Har ƙarshen ransa yana kiran kansa Bayahude. Ya rasu a 1998, aka binne shi a Haifa.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah na Ibrahim, da Ishaku, da Yakubu, Uban Ubangijinmu Yesu Kristi, ka tuna da jama'arka Isra'ila, masu kiran sunanka da waɗanda suka daina kira. Ka ba da salama ga dukan mazaunan ƙasar nan, Yahudawa da Larabawa. Ka ta'azantar da iyayen da suke kuka saboda 'ya'yansu, da 'ya'yan da suke kwana a ɗakin aro saboda sunanka. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, za mu duba littafin Rut. Ku karanta sura 1 kafin lokacin. Ku huta lafiya.